Toka, kanwa da bedi: aikin da suka iya da wanda ba nasu ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, naira kuma ta bi baya ta zube, kuɗin omo da sabulu da maganin feshi ya zama abin da uwargida da manomi ke tsayawa su yi wa lissafi. Yawancin waɗannan kaya ko dai daga waje ake shigo da su, ko kuma sinadaran haɗa su ne ke zuwa daga waje, don haka duk inda dala ta nufa can suke bin ta. Ba abin mamaki ba ne da aka koma waiwayen toka da kanwa da lemun tsami da 'ya'yan bedi. A gidajen biki a Katsina da Daura, a Islamiyyun matan aure, a saƙonnin da ake turawa ta waya, kullum da sabon haɗi: wannan na wanke bayi ne, wannan na kyankyasai, wancan kuwa in ka fesa wa tumatir ko tsutsa ɗaya ba za ta rage ba.

Masu yaɗa haɗin sukan rufe da cewa "na gargajiya ne, ba shi da illa." Masu raina shi kuma su ce aikin talauci ne, wanda ya samu kuɗi ba ya waiwayar toka. A ganina duka biyun sun kauce. Toka sinadari ce kamar yadda abin da ke cikin kwalbar kanti sinadari ne. Bambancin kawai shi ne na kwalba an auna ƙarfinsa an rubuta a jiki, na gida kuwa ƙarfinsa na yau daban, na gobe daban. Kuma kowane ɗaya a cikinsu akwai aikin da ya iya sosai, akwai wanda ko an kwana ana yi ba zai yi ba.

Kayan wanke-wanke na gida kusan duka dangi biyu ne: dangin kanwa da dangin tsami. Toka tana cikin dangin kanwa. Idan aka ƙona karan gero ko na dawa ko icce, abin da wuta ta kasa cinyewa shi ne ma'adinan da shukar ta tsotso daga ƙasa, musamman fotash da kalsiyam. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tace toka ya san yadda ake yi: a samu tsohon kwano mai huji a gindi, a shimfiɗa tsumma ko 'yar ciyawa, a cika shi da toka, a zuba ruwa a hankali, a tara wani mazubi a ƙasa. Ɗigon farko mai duhu ne, shi ne mai kaifi. Ka shafa shi tsakanin yatsu biyu za ka ji santsi. Wannan santsi ba na ruwan ba ne, maiƙon fatarka ne ya fara komawa sabulu. Abin da ke faruwa ke nan a cikin tukunyar da aka yi miyar man ja: tokar ta haɗu da maiƙon da ya manne, suka zama ɗan sabulu a nan take, gurzar tokar kuma ta kankare ƙanzo. Sabulun salo ma asalinsa ke nan, ruwan toka da mai aka dafa tare. Matan da ke shafe gindin tukunya da kwaɓaɓɓiyar toka kafin su ɗora ta a murhu sun ƙara wata dabarar, domin baƙin hayaƙi a kan tokar yake zama, ruwa ɗaya ya tafi da shi.

To amma kaifin da ke narkar da maiƙo ba ya zaɓe. Yana cin alminiyom, shi ya sa tukunyar da aka jiƙa da ruwan toka ta kwana takan tashi da dusashewa da ƙananan ramuka. Yana busar da hannu har ya tsage, musamman da hunturu. Kaskon suya na zamani mai baƙin shafi a ciki kuwa, gurzar toka kankare shafin take yi. Akwai kuma abin da iyayenmu ba su yi fama da shi ba: tokar yanzu ba ta da can ba ce. Ana hura wuta da leda, ana jefa katako mai fenti da tsohon batir da tarkacen roba cikin murhu. Irin wannan toka ba ta dace da kwanon abinci ba, balle miya, balle lambu.

Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, aikinta ɗaya da toka, sai dai ta fi tsabta da sauƙin awo. Tsumman madafa da ya sha mai, a jiƙa shi da ruwan zafi da ɗan gutsuren kanwa, sabulun da za a kashe a kansa ya ragu. Saiwar aduwa da ɓawonta ma suna kumfa, an daɗe ana wanki da su a ƙasashen Sahel.

Dangin tsami, wato lemun tsami da tsamiya da ruwan khal, ba su da ƙarfi a kan maiƙo. Nasu aikin shi ne farin dattin nan da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari a cikin butar shayi da bakin famfo, da tsatsa marar zurfi, da dusashewar tagulla, da ƙarnin kifi a wuƙa. Farin dattin kalsiyam ne, tsami kuma narkar da shi yake. Wannan dalilin ne ya sa bai kamata a bar tsami ya daɗe a kan daɓen siminti ko tarazo ko layin da ke tsakanin tayil ba, domin su ma kalsiyam ɗin ne a jikinsu.

Yanzu ga inda haɗin da ake yayi ke ba ni dariya. Za ka ga an ce a matse lemun tsami a zuba kanwa ko hodar soda, sai abu ya taso yana kumfa, a ce ai ga ƙarfin nan ya fito. Duk matar da ta taɓa dafa yakuwa ko miyar ɗanyen tumatir ta san me kanwa ke yi wa tsami: kashe shi take. Ita ma kanwar a nan ƙarfinta ke ƙarewa. Kumfar da ake gani iska ce kawai ke fita, abin da ya rage a kwanon kuma bai wuce ruwan gishiri-gishiri ba. An sayi abu biyu masu aiki, an sa sun kashe juna. Mai so ta ci moriyar duka biyun sai ta yi amfani da ɗaya, ta ɗauraye, sannan ta kawo ɗayan.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Haɗin da ke iya kai mutum asibiti shi ne na tsami da ruwan bilic, wato su Hypo da Jik. Bilic ya haɗu da kowane irin tsami, lemun tsami ne ko khal ko ruwan wanke masai na kanti, wanda yawancinsa tsami ne mai ƙarfin gaske, sai iskar kulorin ta taso. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a fagen daga a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A tuna yadda bayin gidajenmu yake, ɗan ɗaki mai taga kamar tafin hannu ko babu ma, mai wankin kuma a sunkuye take, fuskarta dab da ƙasa. Tari da hawaye da shaƙewar ƙirji su ne alamar farko, mai asma kuwa abin ya fi haka. Ko tsohon fitsari da ya taru a fo, in aka kwarara masa bilic yana tayar da wata iskar mai cutarwa. Bilic da ruwa kaɗai ake haɗa shi.

Kada wannan ya sa a ce to a watsar da bilic a koma lemun tsami. Cire datti daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, Katsina kuma na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. A gidan da ake jinyar mai amai da gudawa, toka da tsamiya ba su ne abin dogaro ba. Ma'aikatan lafiya kulorin suke sa wa: mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari don ƙasa da bokiti da bayi, mai kashi 2 don amai da bayan gidan majiyyaci. In kwalbar ta nuna kashi 3.5, awo ɗaya na bilic cikin awo goma sha shida na ruwa zai ba da kusan kashi 0.2 ɗin, kuma kullum sabo ake haɗawa. Wanke hannu da toka shawara ce da hukumomin lafiya ke bayarwa inda babu sabulu. In akwai sabulu, shi ne gaba.

Akwai wani "haɗin gida" da ya kamata a ware shi gefe, domin a gida ake yin sa amma ba na toka da ganye ba ne. Sabulun ruwa da ake koya wa mata a shirye-shiryen koyon sana'a, da soda mai ƙuna ake yin sa, tare da wasu sinadaran masana'anta. Sana'a ce mai kyau, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Matsalar ita ce sodar, in aka jiƙa ta, ba ta da launi ba ta da wari, sak ruwan sha, kuma a robar ruwa ko ta lemo ake yawan ajiye ta. Likitocin yara a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna rubutu a kan yaran da suka kurɓa, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, haɗiyar abinci ta gagara sai da tiyata. Duk mai koyar da wannan sana'a da ba ta fara da maganar inda za a kulle soda ba, ta tsallake darasin farko.

A lambu, babu abin da ya kai bedi suna, wanda wasu ke ce wa darbejiya ko dogon yaro. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga Indiya da maƙwabtanta ya fito, a zamanin Turawa aka kawo shi, aka fara dasa shi a lardin Borno a 1928, daga nan ya cika titunan Katsina da Daura da makarantu da bakin kasuwanni saboda jure fari da yake yi. Manoman Indiya sun daɗe da sanin cewa ƙwari ba sa son sa. Masana kimiyya kuwa sun mai da hankali kansa ne bayan 1959, lokacin da wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye komai ta bar bedi tsaye da ganyensa. A 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki a Jami'ar Keele ta Ingila, aka sa masa suna azadiraktin.

Mafi yawan masu gwada bedi a nan ganye suke tsinkowa su tafasa. Ganyen yana da ɗan amfani, amma sinadarin a cikin ƙwayar ɗan ya fi taruwa nesa ba kusa ba, zafin wuta kuma lalata shi yake. Ga yadda ake samun ƙarfinsa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ko waɗanda jemagu suka tsotse suka zubar a gindin bishiya. A murje naman, a wanke, a shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙarau, domin wanda aka ƙunshe da danshi fumfuna yake yi. In za a yi feshi sai a ɗan daka a turmi ɓawon ya fashe, a sheƙe, a kirɓa ƙwayar ta yi laushi. Kada a yi da turmin abinci, ɗacin ba ya fita da wuri. A ƙulle garin a tsumma a jefa cikin ruwan sanyi ya kwana, da safe a matse, ruwan ya yi fari-fari. A tace sosai don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. Awon da aka saba bayarwa shi ne giram 50 na ƙwaya a kowace lita, wato giram 800 a famfon goyo mai cin lita 16. Masu ƙara masa ruwan toka ko kanwa don "ya ƙara kaifi" rage masa ƙarfi suke, sinadarin ba ya jure dangin kanwa.

Abin da ke sa manoma da yawa su yanke wa bedi hukunci tun ranar farko shi ne sun saba da maganin da ake fesawa a ga ƙwaro ya faɗo nan take. Bedi ba haka yake ba. Da farko yana hana ƙwaro cin ganyen. Wanda ya ci kuma, sai ya kasa yin saɓa, tsutsa kuwa ba ta girma sai ta saɓe, don haka sai ta tsaya nan ta mutu bayan kwanaki. Manomi ya dawo da safe ya tarar da tsutsa na motsi, ya ce an yaudare shi, alhali ta daina ci. Sannan hasken rana na kashe sinadarin cikin 'yan kwanaki, shi ya sa da yamma ake fesawa, a maimaita kusan kowane mako. Feshin yamma yana da wani amfanin, ƙudan zuma sun koma gida. Wanda ya jira sai gona ta cika da manyan tsutsotsi sannan ya nufi gindin bedi, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma lissafin da masu tallar bedi ba su cika yi ba. Hekta ɗaya na shan aƙalla lita 200 a feshi guda. A giram 50 kowace lita, kilo 10 ke nan na tsantsar ƙwaya, ban da ɓawo, kuma kowane mako. Wa zai tsinto, wa zai daka? Ga mai 'yan kwamai na alayyafo da latas a Ƙofar Marusa ta birnin Katsina, ko matar da ta shuka tattasai a buhuna a tsakar gida, wannan abu ne mai yiwuwa, har ya fi dacewa tunda ganyen da za a ci cikin kwana biyu ne. Ga mai noman rani na kasuwa a Jibiya ko Ajiwa ko bakin madatsar ruwan Sabke kuwa, in ba a samu masu sana'ar tarawa da niƙawa su sayar a buhu ba, maganar ba za ta wuce bakin malaman gona ba. A ƙara da cewa man bedi ba abin ɗura wa yara ba ne. A Indiya da Malesiya an sha kwantar da jarirai da suka kamu da jijjiga da suma bayan an ba su shi.

Ruwan sabulu shi kaɗai ma magani ne ga ƙwari masu laushin jiki irin su darɓa, amma sai ya taɓa jikinsu, don haka ƙarƙashin ganye ake bi. Giram 10 zuwa 20 a lita ya isa. Sabulun wanki na sanda ko na salo ya fi omo, wanda ke ƙona ganye, kuma a gwada a kan shuka biyu kafin a bi lambun duka. Jiƙon barkono da tafarnuwa kora yake yi fiye da kisa, ba ya kuma daɗewa, ga shi mai fesawa ne ke fara shan yajin in iska ta juyo. Toka da aka barbaɗa a ganye da sassafe tana busar da jikin ƙananan ƙwari, ruwa na sauka kuma aikinta ya ƙare. A ƙasa taki ce mai fotash, sai dai kada a haɗa ta da takin yuriya, domin tana sa sinadarin da aka sayi yuriyar dominsa ya bi iska.

Sai waɗanda ya kamata su rushe maganar "ba shi da illa" gaba ɗaya. Jiƙon garin taba na kashe ƙwari ƙwarai, saboda nikotin guba ce, kuma ta fata take shiga jikin mai fesawa, ba ta bar ƙudan zuma ba, tana iya kuma kai wa tumatir da barkono wata cutar ganye da ke tare da taba. Ruwan tumfafiya in ya faɗa ido yana iya raunata gani. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu guba ne ga yaron da ya tauna. Majimfa kuwa da ita ake kashe kifi a tafki, wanda ya fesa ta kusa da ruwa ya san abin da zai biyo baya. Duk waɗannan a bayan gari suke tsirowa, babu wanda ya shigo da su a kwalba.

Wasu ƙwarin kuma haɗin gida bai isa gare su ba, saboda inda suke zama. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu. Tsutsar a tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa take haƙa hanya, ko cikin ɗan tumatir ɗin, inda barkono da sabulu ba sa kaiwa. Magungunan kanti da yawa ma sun gaza a kanta, don ta saba da su. Abin da ke rage ta shi ne a kama uwar, wadda da dare take yawo, da fitila a kan faranti mai ruwan sabulu, ko a kama mazan da tarkon ƙamshi, a ƙone karmamin tumatir bayan girbi, kada kuma a maimaita tumatir ko gauta ko dankalin Turawa a fili ɗaya. Tsutsar masara ma, wadda aka fara tabbatar da shigowarta Afirka a farkon 2016 a kudu maso yammacin Najeriya, cikin zuciyar masarar take ɓuya. Ƙananan manoma na zuba mata ɗan yashi da toka a cikin naɗin ganyen. Yakan yi tasiri a kan ƙananan tsutsotsi a gonar bayan gida, amma sakamakon ba kullum yake zuwa ɗaya ba.

Wajen ajiyar wake ne wannan muhawara ta fi zafi, domin nan ne guba ke shiga tukunya kai tsaye. Ƙwaron wake tun a gona yake fara ƙwai. Tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, can take ci har ta girma, cikin kamar wata guda ta fito ta sake wasu ƙwan. Shi ya sa busasshen barkono ko ganyen bedi da ake cusawa a buhu ba ya hana waken komawa gari in an daɗe, abokin gaba yana ciki tun kafin a ɗinke baki. Toka tana aiki, amma ba barbaɗe ba: awo ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka ga awo ɗaya na wake, a cakuɗa a tulu, a rufe sama da wata tokar, ta cike duk wani gurbi har ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar motsi. Wannan ya dace da 'yan tiyoyin iri, ba da buhu hamsin ba. Mililita 2 zuwa 3 na man bedi a kowane kilo yana kashe ƙwan da ke jikin ƙwayar. Shanya a rana a kan baƙar leda, a rufe da fara mai nuna ciki, tana tara zafin da ke kashe har tsutsar da ke ɓoye.

Abin da ya fi duk waɗannan aiki babu ganye a cikinsa babu guba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, masana Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi daga binciken da suka yi da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. A ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su mutu. Jarka ko duro mai murfin da ke kama baki sosai ma haka yake yi in an cika shi fal da busasshen wake. Sharaɗin shi ne kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kada kuma ɓera ya huda. Roba ce daga masana'anta, ba gadon kaka ba, amma a ma'aunin lafiyar mai ci ta fi jiƙon taba da aka haɗa a gida.

A ajiye wannan kusa da abin da aka saba gani a shagunan hatsi: fiya-fiya da ake yayyafa wa wake, da ƙwayar bom da ake jefawa a buhu a jingine a ɗakin da mutane ke kwana, alhali iskar da take fitarwa ba ta bambanta ƙwaro da ɗan Adam. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin diklorbos, wanda shi ne ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, an samu wanda ya kai 4.6. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke yin ƙosai da alale da shi a nan. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna, amma mai yawo a kasuwannin ƙauye ya san dokar ba ta gama isa ko'ina ba. Duk wanda ya ce haɗin gida aikin talauci ne, ya fara duba wannan.

Sauro da ɓera ba sa buƙatar dogon bayani. Hayaƙin ɓawon lemu ko ɗoɗɗoya yana korar sauro na ɗan lokaci, da tsakar dare ya dawo, gidan sauro ne ke tsare yaro har asuba. Ɓera kuma babu ƙamshin da ke hana shi shiga ɗakin da ke da hatsi a buɗe. Murfi da toshe rami da kyanwa su ne maganinsa, abin da ya ƙara muhimmanci tunda wani nau'insa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Raunin da ya ratsa duk haɗin gida shi ne awo. Tokar karan gero da ta iccen kasuwa ƙarfinsu ba ɗaya ba. 'Ya'yan bedin bana da waɗanda suka shekara a buhu ba ɗaya ba. Takardun malaman gona da giram da lita suke magana, manomi da uwargida kuwa da tiya da gwangwanin madara da murfin jarka suke aiki, a tsakanin nan ne ake samun "na gwada bai yi ba" da "na gwada ya ƙone min shuka." Wannan aiki ne da malaman hukumar noma ta Jihar Katsina, KTARDA, da masu shirye-shiryen noma a rediyo za su iya ɗauka, su mai da kowane awo zuwa mazubin da ke cikin gida. Kafin su yi, mai lambu na iya ɗaukar dakakkiyar ƙwayar bedinsa ya kai wurin mai sikeli a kasuwa, a auna masa giram 800 sau ɗaya, ya juye a gwangwani ya ja layi da ƙusa inda garin ya tsaya. Daga ranar, famfo ɗaya layi ɗaya.